Bin Sawun Faɗuwar Ƙwayar Kwamfuta Sa'ad Da Laifin Ya Fito Daga Dasasshen Shiri

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfuta ya taɓa ganin ranar da ta tsaya cak, allonta ya sandare ko kuwa ya cika da haruffa da lambobi, ba ta jin kira ba ta amsawa, sai an kashe ta an sake kunnawa. Dalilan wannan suna da yawa. Wannan takarda za ta ɗauki guda ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi ba masana wahala, watau faɗuwar da ke aukuwa sa'ad da babbar manhajar na'ura ta nemi wani aiki a wurin shirin da maƙera suka dasa a cikinta, shi kuwa ya yi ɓarna ya bar ta da ɗaukar laifi. An ɗauko misalan daga manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, domin rubutunta a buɗe ya ke, kowa yana iya dubawa ya ga yadda aka yi fama da matsalar shekara da shekaru.

Sai an daidaita kalmomi tukuna zancen zai tafi daidai. Babbar manhaja ita ce irin su Windows da Linux da macOS, wadda sauran shirye-shirye ke aiki a ƙarƙashinta. A tsakiyarta akwai wani sashe da Turawa ke kira kanel, kalmar da asalin ma'anarta ita ce abin da ke cikin kwalfa, kamar na gyaɗa ko na kwakwa. Sabo da haka a nan za a ce da shi ƙwaya. Ƙwaya ita ke raba wa shirye-shirye lokacin masarrafi, watau guntun da ke yin lissafi da bin umurni. Ita ke raba musu fili a ma'ajiya, ita ke magana da faifai da allo da madannai. In wani ƙaramin shiri ya yi kuskure, ƙwaya ta kan kore shi ta share wurin, sauran su ci gaba da aikinsu. Amma in ita ce ta yi tuntuɓe, babu wani a bisanta da zai tare ta.

Na biyu shi ne abin da a ke kira famwaya. Ascher Opler ne ya ƙaga kalmar a 1967 cikin mujallar Datamation, yana neman sunan abin da ya faɗa tsakanin ƙarfen na'ura mai tauri da manhaja mai saukin sauyawa. Ma'anarta ta goce kaɗan daga abin da ya nufa, kamar yadda kalmomi su kan yi, yanzu tana nufin shirin da ke rubuce a wani ɗan guntu manne da babban allon cikin na'ura, wanda ba ya gogewa ko an ɗauke wuta. A nan za a kira shi dasasshen shiri, ko dasasshe a taƙaice. Kamfanin da ya ƙera na'urar ne ke sa shi, galibi kuwa sayensa ya ke yi daga waɗansu kamfanoni kamar AMI da Insyde da Phoenix, ya yi masa 'yan gyare-gyare. Rubutunsa na asali a rufe ya ke, marubutan ƙwaya ba su ganinsa.

Shi dasasshe ne ke fara farkawa in an kunna na'ura. Ya duba ma'ajiya, ya tada kayan aiki, ya nemo babbar manhaja a faifai ya miƙa mata ragama. Da a nan aikinsa ya ƙare da babu abin rubutawa. Sai dai ba ya tafiya. Misalinsa kamar mutum ne ya sayi gida ya tarar magini ya bar wani tsohon baransa a ɗaki guda, shi kaɗai ya san inda makullan rijiya da na rumbu su ke, ba shi koruwa, kuma duk sa'ad da a ke bukatar waɗannan abubuwa dole a kira shi.

Irin wannan zama ya daɗe. Sunan BIOS ya fito a manhajar CP/M ta Gary Kildall a 1975, kwamfutar IBM ta 1981 kuma ta yaɗa shi ko'ina. A 1992 Intel da Microsoft suka fito da APM, inda dasasshe ke kula da tattalin wuta da barcin na'ura. A 1996 ACPI ya zo domin ya maye gurbinsa. Sa'an nan Intel ta tsara EFI, wanda ya koma hannun wata ƙungiyar kamfanoni a 2005 ya zama UEFI, shi ne ke cikin galibin kwamfutocin da a ke sayarwa yau. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar wata ƙofa da ƙwaya ke bi ta kira dasasshe.

Inda haɗarin ya ke

Masarrafan Intel da AMD suna da matakan iko. Shirye-shiryen yau da kullum suna aiki a mataki na 3, inda aka kange su. Ƙwaya tana mataki na 0, inda babu shinge. Sa'ad da ƙwaya ta kira ɗaya daga cikin hidimomin UEFI, alal misali GetTime mai faɗin lokaci, ko GetVariable da SetVariable masu karantawa da rubuta 'yan bayanan da dasasshe ke adanawa, ko ResetSystem mai sake tada na'ura, to umurnin dasasshe a mataki na 0 ya ke gudana, da cikakken ikon ƙwaya, bisa masarrafin nan guda. A wurin masarrafi babu bambanci tsakanin su biyun. In dasasshe ya taɓa inda bai kamata ba, rahoton da zai fito na faɗuwar ƙwaya ne. Nan ne mai gyara marar haƙuri ya kan bar jaki ya doki taiki, ya kwana yana tonon rubutun ƙwaya alhali kuwa lafiyarta lau.

Akwai yarjejeniya tsakanin mai kira da wanda a ke kira, kuma malaman harshe za su gane ta nan da nan, domin magana ce ta jerin kalmomi. In aka ce "Audu ya bugi Bala", matsayin kowane suna a jimla shi ke nuna mai bugu da wanda aka buga. A juya su, magana ta juye. Haka masarrafi ya ke da waɗansu 'yan aljihuna masu sunaye, inda a ke zuba abin da za a miƙa wa wanda aka kira. A na'ura mai bit 64, Linux tana sa abu na farko a aljihun RDI, na biyu a RSI, na uku a RDX. UEFI kuwa tsarin Microsoft ya bi, na farko a RCX, na biyu a RDX, sa'an nan R8 da R9, kuma yana bukatar a bar masa sarari na bayit 32 a bisa tuli, watau wurin da a ke jibge bayanan wucin gadi. Sabo da haka kowane kira sai ya bi ta hannun wani ɗan guntun shiri mai sake jera kayan. Yarjejeniyar ta kuma faɗi aljihunan da dasasshe zai mayar yadda ya same su. In ya saɓa, ba lalle a faɗi nan take ba. Ƙwaya ta kan karɓi ragama ta ci gaba, sai can gaba ta sa hannu a aljihu ta zaro abin da ba ita ta ajiye ba, ta faɗi a wani wuri da ba shi da wata alaƙa da dasasshe. Irin wannan ya fi kowanne wuyar kamawa. Shi ya sa Linux ta ke adana aljihunan lissafin ɓangarori kafin kowane kira, ta kuma duba bayan kiran ko an taɓa alamar da ke buɗe ko rufe ƙararrawar kayan aiki, in an taɓa ta rubuta ƙorafi ta mayar da ita.

Babbar mahaƙar kurakurai dai ita ce ta adireshi. Kowane bayit na ma'ajiya yana da lambarsa ta ainihi. Amma ƙwaya ba da waɗannan lambobi ta ke aiki ba. Tana ƙaga nata, ta ajiye jadawali mai nuna cewa shafi kaza na ƙagaggen adireshi yana daidai da shafi kaza na ainihi, kowane shafi kuwa galibi bayit 4096 ne. Dasasshe ya tashi ne da lambobin ainihi. Bisa ƙa'idar UEFI, mai loda manhaja zai kira ExitBootServices, daga nan duk filin da hidimomin tashi suka zauna ya zama na ƙwaya, ta yi abin da ta ga dama da shi, sai filin hidimomin da za su daɗe kaɗai za a bari. Sa'an nan ƙwaya ta kira SetVirtualAddressMap, sau ɗaya tak a kowane tashi, ta ba dasasshe sababbin lambobi, shi kuma ya bi duk manuninsa ya sauya su. Kamar hukuma ce ta sake lambobin gidajen unguwa ta ba masinja sabon littafi. In ya manta bai gyara adireshi guda ba, ranar da wasiƙar gidan ta zo zai nufi tsohuwar lamba, ya tarar da kango ko gidan wani.

Duka biyun suna faruwa. In ya tarar da kango, watau shafin da ba ya cikin jadawali, masarrafi ya kan tsaya ya yi ƙara, wannan kuwa rahama ce, domin an ga ɓarawo da rana. In ya tarar da gidan wani, watau filin da ƙwaya ta riga ta ba wani shiri, sai ya yi rubutunsa a can shiru ya fita. A 2011 Matthew Garrett ya shigar da gyara cikin Linux bayan an gane cewa dasassu da yawa suna komawa filin hidimomin tashi a lokacin kiran SetVirtualAddressMap, alhali sun riga sun sallama shi. Ƙa'ida ta hana, amma na'urorin suna hannun mutane, sabo da haka aka sa ƙwaya ta riƙe filin ba ta raba shi sai an gama wannan kira. Daga baya aka ware wa dasasshe jadawalin shafuka nasa na kansa, aka kuma bar masa tsofaffin lambobin suna aiki tare da sababbi, domin masinja mai mantuwa ya isa gidan ko ta wace lamba ya bi.

Karatun rahoton faɗuwa

Aikin farko shi ne a sami rahoton a hannu, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, gama mai rubuta rahoton ita ce ke mutuwa. Ba a amince mata ta taɓa faifai a wannan hali. Tsohuwar dabara ita ce a haɗa na'urar da wata ta igiyar siriyal, duk abin da ƙwaya ta faɗa ya riƙa zuba a can. In babu wannan kafa, kamar yadda ya ke a kwamfutocin cinya na yanzu, akwai netconsole mai aika saƙon ta igiyar sadarwa. Akwai kdump, wanda ya shiga Linux a 2005: a kan ajiye wata ƙaramar ƙwaya a gefe tun da fari, in babbar ta faɗi sai ƙaramar ta tashi ta kwashe duk abin da ke ma'ajiya ta rubuta a faifai. Akwai kuma pstore, na 2011, mai cusa layukan ƙarshe na rahoto a wani wurin da ba ya gogewa. Za a komo kan wannan na ƙarshe, domin yana da labari. In duk sun faskara, hoton allo da wayar hannu ya fi babu.

A cikin rahoton, layi uku ne mai bincike zai fara nema. Na farko shi ne RIP, aljihun da ke riƙe da adireshin umurnin da a ke kai sa'ad da aka faɗi. In laifin na ƙwaya ne, za a ga sunan aikin da a ke ciki kusa da lambar, domin ƙwaya ta san sunayen sassanta. In kuwa lamba ce tsirara ba suna, to a yi zargi. A na'ura mai bit 64 irin ta Intel, Linux ta keɓe wa UEFI fili na gigabayit 64 daga adireshi ffffffef00000000 zuwa fffffffeffffffff, a lissafin da ke ƙirga goma sha shida-shida. RIP da ya faɗo cikin wannan fili ya nuna a ɗakin dasasshe aka yi tuntuɓen. Na biyu shi ne CR2, inda masarrafi ke ajiye adireshin da aka yi ƙoƙarin taɓawa aka kasa. Na uku shi ne jerin kira, watau sawun wanda ya kira wane har aka iso nan. In an ga sunaye masu ɗauke da efi a kusa da ƙarshensa, shaida ta ƙaru. Sai dai jerin ya kan yanke ko ya rikice daga inda aka shiga dasasshe, domin ƙwaya ba ta san yadda ya ke jera tulinsa ba, kada a dogara da abin da ya biyo bayan nan.

Da an sami lambar CR2, sai a tada na'urar da umurnin efi=debug, ƙwaya ta buga taswirar ma'ajiya kamar yadda dasasshe ya ba ta, kowane yanki da farkonsa da ƙarshensa da irinsa. A nemi yankin da lambar ta faɗa. In yankin hidimomin tashi ne, ko filin da aka ce na kowa ne, an kama shi dumu-dumu, ya koma gidan da ya sallama. In lambar ƙarama ce ƙwarai, kusa da sifiri, to manuni ne da ba a cika shi ba. In kuwa lambar ainihi ce ta wani yanki nasa na kansa, to sauyin adireshin ne bai kammala ba.

Bayan karatu sai gwaji, kuma ƙa'idarsa ita ce a sauya abu ɗaya kurum a kowane tashi. Umurnin efi=noruntime yana hana ƙwaya kiran hidimomin UEFI baki ɗaya. In faɗuwar ta ɗauke da shi ta kuma dawo ba shi, sau da yawa a jere, zargi ya tabbata. A lura da "sau da yawa" ɗin nan. Kuskuren da ke lalata ma'ajiya ba kullum ya ke nuna kansa ba, tashi guda mai lafiya ba hujja ba ne. In kuma wata tsohuwar ƙwaya tana aiki lafiya a na'urar sabuwa ce ke faɗuwa, akwai git bisect, mai raba sauye-sauyen da ke tsakaninsu gida biyu, a gwada tsakiya, a sake rabawa. Sauyi 10,000 ba zai ci fiye da gwaji 14 ba. Amma a yi hattara da hukunci: sau da yawa sauyin da aka kama ba shi da laifi, ya dai matsar da kaya ne a ma'ajiya, har ɓarnar da dasasshe ya daɗe yana yi a fili marar amfani ta sauka a kan abu mai amfani.

Wani gwajin mai kyau shi ne a gudanar da ƙwayar nan cikin na'urar kwaikwayo ta QEMU tare da OVMF, wani dasasshe ne na UEFI da rubutunsa ke buɗe. A can a kan iya tsai da kome da gdb a bi umurni ɗaya-ɗaya. In kiran ya wuce lafiya a can ya faɗi a na'urar gaske, an rage wa ƙwaya zargi, ko da ya ke ba a wanke ta sarai ba. Kamfanin Canonical kuma yana da tarin gwaje-gwaje mai suna fwts, wanda ke yi wa dasasshe tambayoyi bisa ƙa'ida ya lissafa inda ya kauce.

ACPI hanyarsa dabam ce, kuma ta fi sauƙin bi. A nan dasasshe ba ya gudana da kansa. Ya kan miƙa wa ƙwaya waɗansu alluna, manyansu su ne DSDT da SSDT, rubuce da wani harshe mai suna AML, ƙwaya kuwa tana da tafinta a cikinta mai karantawa ya aikata. Tun da tafintan nata ne, yana iya ƙin umurnin banza ya rubuta ƙorafi, kamar AE_NOT_FOUND in an ambaci sunan da babu shi. Da acpidump a ke kwafo allunan, da iasl a ke mayar da su rubutun da mutum zai iya karantawa, har a kan iya gyara allon a ba ƙwaya gyararren a madadin na asali. Wani abin dariya a nan: allunan su kan tambayi manhaja ko ita wace ce, ta hanyar _OSI. Da Linux tana amsa sunanta, sai aka ga amsar tana jefa ta cikin rassan da maƙera ba su taɓa gwadawa ba. Tun daga fitowa ta 2.6.23 a 2007 ta daina, in an tambaye ta ko ita Windows ce sai ta ce i, domin hanyar da aka fi takawa ita ce marar ƙaya.

Mafi duhu duka shi ne SMM, wani hali na masarrafi da Intel ta fito da shi a 1990 tare da 386SL. In wata ƙararrawa ta musamman mai suna SMI ta kaɗa, masarrafi ya kan ajiye duk abin da ya ke yi, ya shiga wani kulallen fili da ƙwaya ba ta iya leƙawa, ya yi aikin dasasshe, ya komo. Ƙwaya ba ta san an tafi ba, sai dai ta duba agogo ta ga lokaci ya yi tsalle. In aka maƙale a can, na'ura ta sandare ba rahoto ko layi guda. Abin da mai bincike ke da shi sai alamu daga nesa: masarrafan Intel suna da ma'ƙirgin SMI wanda turbostat ke nunawa, akwai kuma hwlat mai zama yana kallon agogo domin ya kama giɓin. Rubuta bayanan UEFI ma a na'urori da yawa ta cikin SMM ya ke bi, sabo da haka kira guda na SetVariable yana iya ratsa ɗakuna biyu, na biyun ba shi da taga.

Abin da ya faru da kwamfutocin Samsung

A watan Janairu na 2013 labari ya bazu cewa waɗansu kwamfutocin cinya na Samsung, cikinsu har da 530U3C da NP700Z7C, suna mutuwa murus in an tada Linux a kansu ta hanyar UEFI. Ba faɗuwar da a ke kashewa a kunna ba ce. Na'urar ba ta sake tashi, sai an sauya babban allonta. Zargi ya fara sauka kan wani direba mai suna samsung-laptop, wanda ke kula da hasken allo da makamantansa. An rubuta shi ne domin tsohon BIOS, yana taɓa wani yanki na ma'ajiya domin ya yi magana da dasasshe, a ƙarƙashin UEFI kuwa taɓawar tana jawo faɗuwa. Aka hana direban tashi in ta UEFI aka shigo, aka ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Matthew Garrett ya bi sawun ya nuna cewa direban faɗuwa kurum ya ke jawowa, abin da ke kashe na'urar yana gaba. Sa'ad da ƙwaya ta faɗi, pstore ya kan rubuta rahoton cikin ma'ajin bayanan UEFI, watau ɗan filin nan na guntun dasasshe. Dasasshen waɗannan na'urori kuwa in filin ya cika ya wuce wani haddi ba ya iya tashi. Watau kayan da aka tanada domin gano cuta shi ya ƙarasa majinyacin, garin gyaran gira aka rasa ido. Domin ya tabbatar da cewa Linux ba ta karya ƙa'ida ba, Garrett ya rubuta wani ɗan shiri a Windows wanda ba ya yin kome sai rubuta bayanai ta halattacciyar hanya, ya kashe na'ura da shi a Fabrairu na shekarar. Wannan gwaji shi ne abin koyi a duk labarin, domin ya fid da ƙwayar da a ke zargi daga cikin lissafi gaba ɗaya, cutar kuma ba ta tafi ba.

Maganin farko shi ne ƙwaya ta tambayi dasasshe da QueryVariableInfo, ta ƙi yin rubutu in zai sa filin ya wuce rabi. Sai wannan ya haifi tasa matsalar. Irin guntun nan ba a goge shi bayit-bayit. Bayanin da aka share alama kurum a ke sa masa, sai wani lokaci dasasshe ya yi shara ya maido da filin. Waɗansu dasassun ba su yin sharar sai sun ga wuri ya kusa cika. Da ƙwaya ta tsaya a rabi, ba su taɓa ganin cikar ba, ba su yi shara ba, masu na'urorin wasu kamfanoni suka wayi gari ba su iya rubuta ko da bayanin da ke nuna wace manhaja za a tada. Cikin shekarar aka sake dabara: a bar bayit 5120 kurum a matsayin ajiya, in wuri ya ƙure kuma ƙwaya ta yi yunƙurin rubuta wani babban bayanin banza domin ta tunzura dasasshe ya yi shara. Aka bar umurnin efi_no_storage_paranoia ga wanda ya amince da na'urarsa ya ke so a ɗage shingen. A 2016 aka sake ganin ɗan'uwan wannan, sa'ad da goge fayilolin da Linux ke nuna bayanan UEFI da su ya kashe waɗansu na'urori. A fitowa ta 4.5 aka sa wa galibinsu kariya, ba su goguwa sai da gangan.

In an kama laifin, gyaran gaskiya yana hannun maƙeri, shi ne zai fid da sabon dasasshe, sabo da haka duba ko akwai sabo yana cikin abubuwan da a ke fara yi. Amma maƙera su kan daina kula da na'ura bayan 'yan shekaru, kuma da yawansu in Windows ta tashi lafiya sun ɗauka aiki ya ƙare. Sai ƙwaya ta koyi zama da maƙwabcin. Tana da jerin na'urori masu hali, tana gane su da sunan kamfani da samfuri da ke cikin bayanan DMI, in ta ga ɗayansu ta kauce wa kiran da ke kashe ta. Tana buga tambarin kuskuren dasasshe a gaban ƙorafinta domin mai karatu ya san inda zai kai kuka, in kuwa abin ya yi tsanani ta sa harafin I cikin alamun gurɓatarta, mai karɓar rahoto ya gani tun daga layukan farko.

A 2018 aka ƙara wani mataki. A fitowa ta 4.19 aka mayar da yawancin kiran UEFI hannun wani ma'aikaci na musamman a cikin ƙwaya, maimakon kowane shiri ya shiga ɗakin dasasshe da ƙafarsa. A ta 4.20 kuma, bisa aikin Sai Praneeth Prakhya, aka koya wa ƙwayar na'urorin x86 cewa in tuntuɓen shafi ya auku a tsakiyar irin wannan kira, ta daskarar da ma'aikacin, ta rufe hidimomin UEFI har tashi na gaba, ta mayar wa mai kira da amsar kasawa, sauran na'ura ta ci gaba da aiki. In a cikin ResetSystem ne abin ya faru, sai ta sake tada na'urar ta tsohuwar hanyar BIOS. Wannan yana maganin masinjan da ya tarar da kango. Wanda ya shiga gidan wani ya yi rubutu ya fita shiru, har yanzu sai an bi shi da CR2 da taswira da gwaji bayan gwaji.